Me ake dubawa kafin a ba gari sabon kulob a lig, kuma Zariya za ta samu?

Tambaya daga wani matashi a Tudun Wada: "Salamu alaikum Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya. Musu ne ya kaure mana a gidan kallo, wani abokinmu ya ce wai a Amurka kuɗi kawai ake biya a ba gari sabon kulob a babban lig ɗinsu, ba sai an buga an hau ba. Da gaske ne? In haka ne me suke dubawa har su ce wannan gari ya cancanta wancan bai cancanta ba? Sannan da a ce NPFL za ta ƙara ƙungiyoyi ta irin wannan hanyar, kana ganin Zariya za ta samu? Ni dai na ce da yawan jama'armu da ɗaliban ABU ai babu yadda za a yi a tsallake mu."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, na gode. Tambayar taka uku ce a dunƙule: shin da gaske ana sayen kujera a lig, me ake dubawa kafin a zaɓi gari, sannan mu Zazzagawa ina muka tsaya. Abokin naka ya faɗi gaskiya amma rabinta ya faɗa. Kai kuma hujjar da ka kawo ta yawan jama'a, kar ka ji haushi, ita ce mafi rauni cikin duk hujjojin da ake kawowa a irin wannan magana. Ni aikina na yi shi ne a ƙananan kulob, sakatare, rijistar 'yan wasa, neman motar tafiya, kai takardu hukumar ƙwallo, lallashin yara in albashi ya makara, to abin da zan faɗa a kan Amurka bibiya ce da karatu, abin da zan faɗa a kan namu kuwa da shi na kwana na tashi.

Yadda Amurkawa suke yi

Lig ɗinsu MLS ya fara wasa a 1996 da ƙungiyoyi 10, kuma tun daga ranar har yau babu hawa babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ko kulob ya ƙare a na ƙarshe shekara biyar a jere yana nan daram. Tunda ƙofar ƙasa a rufe take, hanya ɗaya ce ta shiga, masu lig ɗin su zauna su ce za mu ƙara kulob, masu kuɗi daga garuruwa daban-daban su nema, a zaɓi wanda aka zaɓa ya biya kuɗin shiga. Kuma ba gari ke biya ba, attajiri ne ko taron attajirai, abin da suke saya kuwa hannun jari ne a lig ɗin kansa tare da izinin gudanar da kulob a wannan garin. Ka riƙe wannan don shi ne mabuɗin komai: tsofaffin masu kulob abokin kasuwanci suke zaɓa wanda za su raba riba da asara da shi, ba gasar wane gari ya fi son ƙwallo ake yi ba.

Kuɗin kuwa ka ji yadda ya yi ta hawa. Toronto da ta shiga a 2007 dala miliyan 10 ta biya. New York City da ta shiga a 2015 miliyan 100. Charlotte a 2022 miliyan 325. San Diego da ta fara wasa a 2025 ta zama ta 30, miliyan 500, kuma babban mai ita Mohamed Mansour ɗan ƙasar Masar ne, wanda makarantar ƙwallon nan Right to Dream da ta faro daga Gana take hannunsa. Beckham shi kam ya yi wayo tun lokacin da ya je buga musu wasa a 2007, aka sa masa a kwantiragi cewa zai iya buɗe kulob a kan miliyan 25 kacal, ita ce Inter Miami da Messi ya je a 2023.

To amma me ya sa suke tsantseni haka bayan ga kuɗi ana miƙo musu? Sun taɓa ƙonewa ne. Tsohon lig ɗinsu NASL, wanda Pele ya buga a ciki, ya yi ta raba kulob ga duk wanda ya zo har suka kai 24 a 1978, kafin ka ce kwabo ƙungiyoyin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 1984 ita ce kakarsa ta ƙarshe. Shi kansa MLS a farkon 2002 sai da ya rufe kulob biyu, Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny, dukkansu a jihar Florida mai ɗimbin jama'a da masu jin Sifaniyanci da kowa ke cewa ƙwallo a jininsu take. Jama'ar suna nan, a fili ne ba a gan su ba.

Wa zai ci gaba da biya

Abu na farko da ake dubawa shi ne mai kulob, kuma ba wai yana da kuɗin shiga ba, a'a zai iya jure asara shekara da shekaru bai gudu ba? Kuɗin shiga kamar sadaki ne sau ɗaya ake biya, abin da ke kashe aure cefane ne na kullum. Albashi, tafiya, gyaran fili, likita, makarantar yara, duk wata suna nan ko an ci wasa ko an sha kashi.

Ka dubi Sacramento. Garin yana da kulob a ƙaramin lig da ke cika fili, magoya baya sun yi shekaru suna roƙo, har a 2019 aka tara jama'a aka sanar cewa an ba su gurbi, aka yi murna. A farkon 2021 attajirin da zai zuba kuɗin, Ron Burkle, ya ce ya fasa, shi kenan magana ta mutu, magoya bayan suna nan, garin yana nan, gurbin ya tafi. St. Louis kuma akasin haka ne, a 2017 aka kai wa jama'ar gari ƙuri'a kan a ɗebi kuɗin haraji a gina filin wasa suka ce ba su yarda ba, kowa ya ɗauka an gama da su, sai dangin Taylor masu kamfanin hayar motoci Enterprise suka shigo suka ce za su gina da kuɗinsu, aka ba su gurbi a 2019 suka fara wasa a 2023. Gari ɗaya ne, mutanen ba su ƙaru ba ba su ragu ba, aljihun da ke bayan takardar ne ya canza.

A nan gida wannan darasin na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Na yi aiki da wani kulob da wani babban mutum ya ɗauki nauyinsa shekarar da zaɓe ke matsowa, sabbin riguna, sababbin takalma, har mota aka yi wa fenti da sunan kulob, yara suna cin kaza a sansani. Ana gama zaɓe waya ta daina shiga. Muka ƙarasa kakar da karo-karo, wani mai shago ya ba da buhun shinkafa wani ya zuba mai, yaran da suka fi iya ƙwallo suka watse tun kafin zagaye na biyu. Shi ya sa ni in mutum ya zo mini da maganar zai buɗe kulob ba na tambayarsa nawa zai zuba bana, ina tambayarsa daga wace sana'a kuɗin shekara ta biyar za su fito, kuma in Allah ya yi masa rasuwa ko kasuwa ta juya wa zai riƙe. Tarihin ƙwallon Najeriya cike yake da manyan kulob da suka tafi tare da mai su ko kamfaninsu, Leventis United da Abiola Babes sun girgiza ƙasar nan a shekarun 1980, yau sai dai labari.

A ina za a buga

Na biyu fili. A farkon 2017 garuruwa 12 suka nemi gurbi a MLS, aka tace aka bar huɗu, Nashville, Cincinnati, Sacramento da Detroit. Detroit ta fi sauran ukun jama'a nesa ba kusa ba, kuma manyan attajirai ne a bayanta, amma sai suka janye maganar gina sabon filin ƙwallon ƙafa suka ce za a riƙa amfani da filin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka da ke garin. Nashville da Cincinnati suka samu, Detroit ta tashi a tutar babu. Ita ma Miami ta Beckham, an sanar da niyyar tun 2014 amma sai 2020 ta fara wasa saboda rigimar inda za a gina fili, kuma ko da ta fara a wani gari na kusa, Fort Lauderdale, ta riƙa bugawa.

Kar dai ka ɗauka doka ce da ba ta lanƙwasuwa. Atlanta da Charlotte duk a manyan filayen zari-ruga suke wasa kuma an karɓe su hannu bibbiyu, New York City ta yi shekaru tana raɓe a filin wani wasan daban, in kuɗi ya yi nauyi ƙa'ida takan yi taushi, wannan ba a Najeriya kaɗai ba ne. Amma in ka lura da Atlanta da Charlotte, mai kulob ɗin shi ne ke riƙe da filin. To asalin tambayar ke nan, wa ke da mukulli? Wa ke karɓar kuɗin ƙofa, kuɗin ajiye mota, kuɗin masu sayar da abinci, kuɗin allunan talla? Kulob ɗin da ke haya duk wannan na wani ne, shi kuɗin haya kawai yake fitarwa.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba, har da ikon ranar wasa. Mun taɓa isa fili da safe ranar da za mu karɓi baƙi muka tarar an kafa rumfuna an jera kujeru, an ba wasu hayar wurin don taro, babu wanda ya ga ya dace ya gaya mana, baƙi sun kwana a hanya, alƙalan wasa sun iso. Ranar na fahimci cewa takardar yarjejeniyar fili ta fi ɗan wasan gaba mai cin ƙwallaye muhimmanci. Remo Stars da ta ci NPFL, wato firimiyar Najeriya, a kakar 2024/25 a Ikenne take, ƙaramin gari a jihar Ogun da bai kama ƙafar Zariya a yawan mutane ba, amma Kunle Soname ya gina musu filinsu, wurin atisaye nasu, makarantar yara tasu, babu wanda zai kafa musu rumfa a tsakiyar fili.

Masu kallo da masu biya

Yanzu ga maganarka ta jama'a. Ana dubawa, amma ba ƙidaya ake dubawa ba, ana duba mutum nawa suka riga suka saba fitowa daga gida su biya kuɗi su shiga kallon kulob na garinsu. Cincinnati ba wani ƙaton gari ba ne a ma'aunin Amurka, abin da ya ba ta gurbi shi ne tun tana ƙaramin lig take tara 'yan kallon da suka fi na wasu ƙungiyoyin MLS ɗin kansu. Seattle, Portland da Vancouver da suka shiga tsakanin 2009 da 2011 sunayensu da hamayyarsu tun shekarun 1970 suke, kaka ya kalla uba ya kalla, lig ɗin ya zo ya tarar da abu a dafe. Chivas USA kuwa, reshen kulob ɗin Chivas na Meziko, a Los Angeles ta fara wasa a 2005, gari na biyu mafi girma a ƙasar, da lissafin cewa 'yan asalin Meziko za su yi tururuwa, aka manta cewa ba duk ɗan Meziko ke son Chivas ba, wasu ma abokan gabarta ne, ga shi kuma tana raɓe a filin LA Galaxy, 2014 aka rufe ta. Atlanta ce ta ba kowa mamaki, mutane da yawa sun yi zaton ba za ta yi jama'a ba, sai ga shi wasan ƙarshe na 2018 sama da mutum 73,000 suka shiga, don haka lissafin nan ba ya cika daidai kullum, amma ita ma sai da aka ga dubban mutane sun ajiye kuɗin tikitin kaka tun kafin a sayi ɗan wasa ko ɗaya.

Mu namu misalin Abuja ne. Ga kuɗi, ga jama'a, ga filin ƙasa mai ɗaukar mutum 60,000 tun 2003, amma har yau babu wani kulob da ya kafu a can ya zama na 'yan gari yadda Pillars take a Kano, saboda yawancin mazauna Abuja zuciyarsu tana garuruwansu, ana sallah ko kirsimeti gari ya yi fayau. Kano kuwa ko a 2022 da Pillars ta faɗa 'yan dagaji Sai Masu Gida bai bar bakin mutane ba, shekara ɗaya ta dawo.

Sauran abubuwan da ake dubawa ba sai na ja su ba: kamfanonin da za su sa suna a riga, kasuwar talabijin, da taswira, wato ko sabon garin zai cike wani giɓi ko zai haifar da wasan hamayya da maƙwabci. Ostiraliya ta gwada cike taswira kawai a 2009 da North Queensland Fury da Gold Coast United, cikin shekara uku duk biyun sun mutu, sai ta koma yammacin Sydney inda masu son ƙwallo suke tun asali, Western Sydney Wanderers da aka kafa a 2012 ta ci kofin zakarun nahiyar Asiya a 2014.

Namu tsarin daban ne, amma ana sayen gurbi

A Najeriya ba a ba gari kulob. NPFL ƙungiyoyi 20 ne, huɗu su sauka huɗu su hau daga NNL, wato rukuni na biyu, ƙarƙashinta kuma akwai NLO, daga nan sai lig na jiha. Mun ma taɓa ɗanɗana ƙarin ƙungiyoyi ba da shiri ba: kakar 2018 ta tsaya a tsakiya saboda rikicin shugabancin NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ba a saukar da kowa ba, aka hau da huɗu, 2019 aka yi ta da ƙungiyoyi 24 a rukuni biyu, daga baya aka sauke takwas aka koma 20. Ni a ganina 20 ɗin ma sun yi wa aljihun lig ɗin yawa, ka tuna fa mota ce ke ɗaukar yara daga Maiduguri zuwa Uyo ko Fatakwal, su sauka ƙafa a kumbure gobe su shiga fili, ga haɗarin hanya, a 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri har 'yan wasa suka ji rauni. Duk kulob ɗin da aka ƙara, tafiya aka ƙara wa kowa.

Sai dai akwai ƙofar baya, kuma jiharmu ta san ta. Kada City ta Kaduna ta hau firimiya a 2019, ba a gama kakar ba gurbin ya koma hannun Delta Force, kafin shekarar ta fita kuma Delta Force ta sayar wa Kwara United. Kujera ɗaya ta zaga jihohi uku cikin shekara guda, Kaduna kuma ta yi shekaru bayan nan babu wakili a firimiya, jihar da ta fitar da Daniel Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, jihar Ranchers Bees da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, da Kaduna United da ta ci kofin ƙalubale a 2010. Afirka ta Kudu ta fi mu nisa a wannan ciniki, a 2021 aka sayar da gurbin Bloemfontein Celtic, kulob mai magoya bayan da duk ƙasar ta san su da waƙa da cika fili, aka kwashe shi zuwa wani lardin aka sa masa Royal AM, a 2025 aka kori Royal AM ɗin daga lig. Garin farko ya rasa kulob, na biyu bai riƙe ba.

Na kawo wannan ne don na san in attajirin Zariya ya ji kiran nan abin da zai fara zuwa masa a rai ke nan, a sayi gurbi a huta. Ana iya yi, amma abin da ka sayo takarda ce, babu magoya baya a ciki, babu ma'aikatan da suka san aikin, babu yaran da suka taso tare.

To Zariya fa

Abin da muke da shi ba kaɗan ba ne. Ƙaramar hukumar Zariya kaɗai ta haura mutum 400,000 a ƙidayar 2006, ban da Sabon Gari. Kowace unguwa da kulob ɗinta, gasar unguwanni tana tara mutane har kan katanga. Kano, Kaduna, Katsina da Jos duk tafiyar 'yan awoyi ce, wanda ke nufin wasannin hamayya masu zafi da tafiya mai sauƙi, wannan hujja ce mai ƙarfi da ba a cika kawo ta ba. Garin wasanni ne tun da, Shola Ameobi na Newcastle a nan aka haife shi, Masai Ujiri da ya jagoranci Toronto Raptors ta ci gasar ƙwallon kwando ta NBA a 2019 a nan ya taso. Kuma kasancewar ba mu ne hedikwatar jiha ba bai kashe magana ba, duk da yawancin kulob na NPFL na gwamnatocin jihohi ne shi ya sa suke zaune a hedikwata. Aba ba ita ce hedikwatar Abia ba, amma Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, Warri mai kulob ɗin Warri Wolves ma ba ita ce ta Delta ba.

Ɗalibai kuwa, a nan zan saɓa maka. ABU, FCE, Nuhu Bamalli, Kwalejin Jiragen Sama, eh mutane ne masu yawa, amma ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya tafi, ana hutu ya tafi, in aka shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas Samaru ta koma shiru, kai kuma lig ba zai jira ka ba. Sannan ɗalibin da ya zo daga Kano Pillars yake yi, na Jos Plateau United, kuma dukkansu ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi suna gidan kallo gaban Arsenal ko Man United, daidai lokacin da ake take wasan NPFL. Ɗalibai ƙari ne mai daɗi in sun zo, amma wanda za a gina kulob a kansa shi ne ɗan Kwarbai, ɗan Tudun Jukun, ɗan Muciya, mai shago a kasuwar Sabon Gari, wanda zai zo bana ya zo baɗi ya kawo ɗansa.

Kuma shi ɗin ma sai an koya masa biya. Wannan ita ce cutar da ta fi damuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofa ranar wasa ya san zancen, wannan ya ce ƙanin koci ne, wancan ya ce tsohon ɗan wasa ne, wani ya zo da yara goma a bayansa ya ce jami'i ne, sauran su haura katanga, fili ya cika maƙil kowa na cewa yau an yi jama'a, da yamma ka zazzage jaka abin da ke ciki bai biya alawus ɗin alƙalan wasa da 'yan sanda da motar asibiti ba. Mutumin da zai biya kuɗin gidan kallo ba musu shi ne zai ga ƙasƙanci ne ya sayi tikitin kulob ɗin garinsu. Duk mai zuba jari da ya san abin da yake yi adadin tikitin da aka yaga zai tambaya, ba hoton taro ba.

Sai shimfiɗar garin kanta. Zariya ba dunƙulalliya ba ce, Birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, kowanne da halinsa, daga Ƙofar Doka zuwa Samaru kuɗin mota ne mai ciwo a wannan zamanin na tsadar mai, zuwa da dawowa zai iya fin kuɗin tikitin. In aka sa kulob a filin jami'a mutanen Birni za su ce na 'yan boko ne, in aka ba shi sunan unguwa ɗaya sauran su ja baya. Sunan Zazzau ne kaɗai nake ganin zai ɗauke kowa, kuma in masarauta ta sa albarka, ko da ba ta ba da ko sisi ba, 'yan kasuwa za su fi sakin jiki. Filayen da muke da su kuma sun isa gasar makarantu da ƙananan rukunai, amma firimiya tana neman shimfiɗar fili mai kyau, shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, ɗakunan canza kaya na baƙi da na alƙalai, wurin 'yan jarida da kyamara, ƙofofin da za a iya tsarewa, wannan aiki ne na kuɗi masu nauyi kafin a buga ƙwallo ko ɗaya. Kamfanonin da za su ɗauki nauyi ma ba su da yawa, garin makarantu ne da barikin soja da 'yan kasuwa, masana'antun da suka rage ƙalilan ne, don haka ba na ganin kamfani ɗaya zai ɗauka, sai dai a haɗa masu matsakaicin ƙarfi da yawa.

Saboda haka in ka sa ni a kujerar masu zaɓe yau aka ce gurbi ɗaya ne a jihar nan, Kaduna zan ba, ina Bazazzage ina faɗa, tana da filin Ahmadu Bello, tana da tsofaffin sunaye da mutane ke tunawa, tana da otal-otal da filin jirgi. Wannan ra'ayina ne a kan abin da ke ƙasa yanzu, wani da ya yi aiki a ofishin lig yana iya auna abubuwan daban da ni.

Hanyar da nake ganin za ta kai mu ita ce doguwar. A yi wa kulob rijista a matsayin kamfani mai masu hannun jari da yawa yadda ba zai mutu da mutum ɗaya ko zaɓe ɗaya ba, a shiga NLO, a samu yarjejeniyar fili a rubuce ta shekaru masu yawa da ta fayyace wa ke da ranar wasa wa ke da kuɗin ƙofa, a fitar da katin zama mamba mai araha, a rufe ƙofa kowa ya biya har ciyaman, a riƙa rubuta adadin tikiti kowane wasa don gobe a sami abin nuna wa banki ko kamfanin waya. 'Yan wasa a ɗebo su daga gasar unguwanni, don uwa da ƙanne da abokan yaro su ne 'yan kallon farko. Barau FC ta Kano ta hau firimiya a 2025 ta hanyar NNL, wato matakalar tana aiki, sai dai ita ta tarar da fili a jiharta da jama'ar da suka saba zuwa kallo. Mu gyaran filin ya kamata ya riƙa tafiya tun muna NNL, don masu duba filaye na NPFL suna zagayawa kafin a fara kaka, wanda nasa bai cika sharaɗi ba a tura shi wani gari, kuma an sha yi wa manyan kulob haka, Pillars kanta ta taɓa yin kaka tana karɓar baƙi a Kaduna. In muka hau ba mu shirya ba, kulob mai sunan Zazzau zai riƙa buga wasan gidansa a Kaduna ko Katsina, kuɗin tafiya ya ninku, kuɗin ƙofa ya tafi, kai da abokanka kuma sai kun shiga mota kafin ku gan shi.